In motar noma ta tsaya: bi hanyar gazuwal

Ɗan'uwa manomi, ga ruwan farko ya sauka. Ƙasa ta jiƙa, kowa na son a yi mishi huɗa yau ko gobe. Tarakta guda ce garinku, ta ƙungiyar manoma, mutum ashirin na jiran ta. Kai ne direba. Ka shiga gona ta biyu, ka yi kunya goma, sai ka ji moter ya fara tari. Ya rage ƙarfi, ya sake ɗauka, sannan ya mutu. Ka murɗa kile, moter na juyawa amma bai tashi ba.

Makanisiye na can Maraɗi ko Ƙonni. Kafin a kirawo shi, ya samu mota ya iso, kwana biyu sun wuce, laima ta tafi. Ga kuɗɗin mota, ga kuɗɗin aiki. Sau da yawa kuwa, in ya zo, abin da zai gyara bai fi aikin rabin awa ba, kuma da kanka kana iya yin shi.

Wanga darasi zai gwada maka yadda ake neman cutar. Dabarar guda ce: ka bi hanyar gazuwal tun daga tanki har cikin moter, mataki mataki, ka fara da abu mai sauƙi kafin mai wuya.

Yadda moter ke cin gazuwal

Wani Bajamushe ne mai suna Rudolf Diesel ya ƙera irin wanga moter, ya yi aiki sosai a shekara ta 1897. Shi ya sa ake ce mishi moter dizal. Ya bambanta da moter na esans. Na esans yana da buji mai ba da tartsatsin wuta. Na gazuwal ba shi da shi. Piston ne ke matse iska cikin moter har ta yi zafi ƙwarai. Daidai wannan lokaci sai a fesa gazuwal kamar raɓa cikin iskar mai zafi, ya kama da kanshi.

Ka gani ke nan, moter dizal abu uku yake so: iska mai tsabta, matsi mai ƙarfi, da gazuwal mai tsabta da ke zuwa kan lokaci. In batir na da ƙarfi, moter na juyawa da kyau amma ya ƙi tashi, ko kuwa ya mutu cikin aiki, ka fara tuhumar gazuwal.

Za mu ɗauki misali da tarakta Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975. Moter ɗinta na Perkins ne, mai piston 3. Ta tsufa, amma har yanzu irinta na aiki a ƙasashe da yawa. In taka wata iri ce, kada ka damu. Tsofaffin motocin noma kusan duk hanyar gazuwal ɗinsu guda ce.

Zango shida na gazuwal

Ka ɗauki hanyar gazuwal kamar hanyar ruwa cikin garka. In ruwa bai kai ga fangali na ƙarshe ba, ai ba nan kake tsayawa kana kuka ba. Komawa kake bakin rijiya, ka biyo hanyar har ka tarda inda ta toshe ko ta fashe. Ga zangunan:

1. Tanki, da marfinshi.
2. Robine da ke ƙarƙashin tanki. Cikinshi akwai ƴar rariya.
3. Ƙaramin pompi. Shi ke jawo gazuwal ya tura shi gaba. Yana da ɗan hannu da ake dannawa da yatsa.
4. Filtir, wato matatar gazuwal. Wasu motoci filtir guda gare su, wasu biyu. Sau da yawa akwai ƙoƙon gilashi ƙarƙashin filtir ko jikin ƙaramin pompi.
5. Babban pompi. Shi ke auna gazuwal, ya raba ma kowane piston rabonshi da ƙarfi.
6. Anjaktar, masu fesa gazuwal cikin moter. Kowane piston da tashi guda.

Bayan su akwai wani siririn tiyo da ke maida ragowar gazuwal baya.

Zango huɗu na farko naka ne, kana iya gyaran su bakin gona. Biyu na ƙarshe na makanisiye ne. Ka riƙe wannan da kyau.

Maƙiya uku

Dauɗa. Ƙura ce, da rairayi, da tsatsar tanki. Ƙarafan cikin babban pompi a matse suke ƙwarai, ratar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ƙurar da idonka bai gani ita ke cin su sannu sannu.

Ruwa. Yana shiga ta tano ko bidon da aka bari waje da damina. Yana kuma taruwa cikin tanki kamar yadda raɓa ke taruwa jikin ƙarfe da dare. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, shi ya sa yake kwantawa ƙasa. Ba ya cin wuta, yana sa tsatsa. In ya daɗe, wani baƙin abu mai yauƙi kan fito tsakaninshi da gazuwal, ya toshe rariya da filtir.

Iska. Ka taɓa lura da likita in zai yi allura? Sai ya ɗaga ta sama, ya tura kaɗan har kumfa ya fita. Haka moter dizal yake. Gazuwal ba ya matsuwa, in pompi ya tura shi sai ya tafi. Iska kuwa matsuwa take yi ta dawo. In kumfa ya shiga tiyo, pompi na ta aiki amma anjaktar ba ta buɗewa.

Mi moter ke gaya maka?

Kafin ka ɗauki kile, tsaya ka tuna yadda abin ya faru. Ka kuma sa wani ya diba bututun hayaƙi lokacin da kake juya moter.

In babu hayaƙi ko kaɗan, gazuwal bai isa cikin moter ba.

In farin hayaƙi ke fita moter bai tashi ba, gazuwal na zuwa amma bai ci wuta ba. Ko ya yi kaɗan, ko da ruwa ko iska cikinshi. A tsohon moter, raunin matsi ma na kawo haka, musamman da sanyin safiya.

In moter na aiki yana baƙin hayaƙi, iskar shaƙa ce ta yi mishi kaɗan, ko anjaktar ta lalace, ko kaya sun fi ƙarfinshi. Fara da wanke matatar iska.

In moter na tafiya lafiya ba kaya, amma da ka sauke garma sai ya rage ƙarfi, hanya ce ta fara toshewa. Gazuwal na wucewa kaɗan kaɗan, bai isa aiki mai nauyi ba.

In ya yi aiki na ɗan lokaci ya mutu, ya huta ya sake tashi, ya sake mutuwa, ka tuhumi marfin tanki ko rariyar robine.

In kullum da safe sai an sha wuya kafin ya tashi, amma in ya tashi ya wuni lafiya, iska ce ke shiga ta wani wuri da dare.

Kafin ka fara

Tsaida tarakta wuri mai daidai, ka sauke garma ƙasa, ka fidda giya, ka ja birki. Kashe taba, ka nisanta wuta. Ka tanadi kile, da tsumma mai tsabta, da kwalba fara wadda ake ganin cikinta, da ƙaramin kwano. Duk inda za ka kwance, share wurin tukuna. In ka buɗe tiyo cikin ƙura, ka shigar da cuta da hannunka.

Zango na 1: tanki

Kada ka yi dariya. Buɗe tanki ka sa kara mai tsabta ka auna. Allurar da ke gwada yawan gazuwal a tsohuwar mota ba abin yarda ba ce. In gazuwal ya yi ƙasa sosai, da tarakta ta karkata sai robine ya sha iska.

Diba kuma ƙarfen nan da ake ja a kashe moter. An maida shi ciki har ƙarshe? Wani lokaci wayarshi ke maƙalewa, ka tura shi amma can jikin babban pompi bai koma ba. Bi wayar da ido ka tabbata.

Sannan marfi. Ka san gwangwanin madara: in huji guda ka yi, madara ba ta zuba da kyau sai ka yi na biyu. Marfin tanki ma yana da ɗan huji na shigar iska. In ƙura ta toshe shi, gazuwal sai ya ƙi sauka. Da moter ya mutu, buɗe marfin ka kasa kunne. In ka ji iska ta ja ciki, fuuu, ka gano cutar. Wanke marfin, ka buɗe hujin da siririyar waya.

Zango na 2: robine

Robine a buɗe yake? Yara kan murɗa shi da wasa. In a buɗe yake, rufe shi, ka kwance tiyon da ke zuwa ƙaramin pompi, ka tara kwalba, ka sake buɗewa. Ya kamata gazuwal ya zubo cike da bakin tiyo, ya ci gaba da zuba. In ɗiga yake, ko ya fara da ƙarfi sannan ya rage, rariya ta toshe. Sai a juye tanki cikin bido mai tsabta, a cire robine, a wanke rariyar da gazuwal. Wasu kan hura iska ta tiyo su ture dauɗar. Wannan na iya kai ka gida, amma dauɗar na nan cikin tanki, gobe za ta dawo.

Aje kwalbar nan ta ɗan jima, ka ɗaga ta ga haske. Gazuwal mai kyau garau yake. In ka ga ruwa kwance ƙasa, ko gazuwal ya yi duhu duhu kamar ruwan tsari, ko yana warin esans, kada ka sake tada moter da shi. A juye tanki gaba ɗai.

Zango na 3: ƙaramin pompi

Maida tiyon da ka kwance. Yanzu kwance wanda ke fita daga ƙaramin pompi zuwa filtir, ka tara kwano, ka danna ɗan hannun nan. Kowane danni ya kamata ya tofo gazuwal da ƙarfi.

In ka ji hannun sakwaf, ba ya kama komi, kada ka yi saurin cewa pompi ya mutu. Wani lokaci moter ne ya tsaya daidai inda ya danne pompin daga ciki. Taɓa kile kaɗan moter ya juya, ka sake gwadawa.

Cikin wanga pompi akwai wata fatar roba. In ta tsage, gazuwal na iya zurarewa cikin man moter. Zaro sandar auna mai ka diba. In man ya ƙaru da kanshi, ya tsinke, yana warin gazuwal, to kashe aiki. A sake pompi, a sake mai. Man da ya gauraya da gazuwal ba ya kare ƙarfe, moter na iya ƙonewa.

Zango na 4: filtir

Diba ƙoƙon gilashi. In da ruwa ko laka ƙasanshi, rufe robine, ka cire shi ka wanke da gazuwal mai tsabta.

Filtir kanshi takarda ce cikin gwangwani. Ba a wanke shi, ba a hura shi, sabo ake sawa. Wani in filtir ya toshe sai ya huda shi da kusa, ko ya cire shi gaba ɗai, ya ce ai ga mota ta tashi. I, ta tashi. Amma yanzu duk rairayin da filtir ke tarewa cikin babban pompi yake tafiya. Kuɗɗin gyaran babban pompi sun ninka na filtir sau da yawa, kuma sai an kai shi birni. Araha ba ta ado.

Sabon filtir na zuwa da zobban roba. Cire tsofaffin duka, har wanda ke ɓoye can sama cikin rami. Sa kowane sabo wurinshi, ya zauna daidai. Zobe guda in ya murɗe, ta nan iska za ta shiga.

Yadda ake fidda iska

Duk lokacin da gazuwal ya ƙare maka, ko ka sake filtir, ko ka kwance tiyo, iska ta shiga. Sai ka fidda ta kafin moter ya tashi. Ana farawa daga wajen tanki a nufi moter. Kada ka tsallake.

Da farko zuba gazuwal isasshe, ka buɗe robine.

Na biyu, sassauta bis ɗin da ke bisa kan filtir. Ba cirewa za ka yi ba, juyi ɗaya ko biyu ya isa. Yi ta danna hannun ƙaramin pompi. Za ka ga kumfa na fita. Ci gaba har gazuwal ya fito garau ba kumfa, sannan ka ɗaure bis ɗin. In filtir biyu ne, fara da na kusa da tanki.

Na uku, koma ga babban pompi. A irin tarakta da muka yi misali da ita, ƙananan bis biyu ne jikinshi na fidda iska, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Sassauta su, ka yi ta dannawa. In kumfa ya ƙare, ɗaure na ƙasa tukuna, sannan na sama. Ɗaure su da hankali, ƙanana ne, suna karyewa. In ba ka san su ba, sa makanisiye ya gwada maka su ranar da mota ke lafiya, ka sa musu alama da fenti. Kada ka taɓa wani bis da aka ɗaure da waya da darma.

Na huɗu, sassauta notin tiyon ƙarfe bakin anjaktar biyu. Ka hau kujera, ka tabbata giya a fidde take, ka buɗe wuta, ka juya moter. Da gazuwal ya fara tofowa ba kumfa, saki kile, ka ɗaure notin. Rage wuta, ka tada moter. Zai yi ɗan tari, sannan ya daidaita.

Kada ka riƙe kile fiye da ƙirgen 15. Bari ya huta minti guda kafin ka sake. In ba haka ba, ka kashe batir, ka ƙona demarer, cuta ta zama biyu.

In iskar ta dawo

Ka fidda iska, mota ta tashi, gobe abin ya dawo. To, akwai ƙofar da take shiga. Nemi ta tsakanin tanki da babban pompi. Diba tiyon roba da rana ta busar har ya tsattsage, da notin da ya saki, da zoben jan ƙarfe da ya gaji, da robar ƙoƙon gilashi. Share ko'ina ya bushe, ka bari ya kwana. Inda ƙura ta manne ta yi danshi, nan ne. Ka sani fa, hujin da gazuwal bai iya fita ta cikinshi, iska na iya shiga ta nan. Tiyon da ya tsufa, ko bai zuba a sake shi.

Inda hannunka zai tsaya

In gazuwal mai tsabta na isowa babban pompi, ka fidda iska yadda ya kamata, amma ba abin da ke fita bakin anjaktar, aikinka ya ƙare. Kada ka buɗe babban pompi, kada ka kwance shi daga jikin moter. An daidaita shi ne da juyin moter, in ka gusa shi kaɗan ka ɓata lokacin fesawa. Gyaranshi sai wurin masu na'urar gwaji. Amma wahalarka ba ta faɗi banza ba. Yanzu kana iya gaya ma makanisiye ta waya abin da ka diba da abin da ka gani, ya zo da kayan da suka dace tun zuwan farko.

Hattara!

Iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota awonta wajen 2 ne. Gazuwal da anjaktar ke fesawa, a wannan ma'auni, ya wuce 150. Yana huda fata kamar allura. Kada ka sa yatsa bakin anjaktar, kada ka laluba tiyon ƙarfe da hannu moter na aiki. In gazuwal ya huda fatar mutum, a kai shi likita nan take ko da ciwon ƙarami ne a ido. In an yi jinkiri ana iya rasa yatsa.

Kada ka zuƙi gazuwal da baki. In ya faɗa huhu yana da haɗari.

Kada ka zuba esans cikin matatar iska don moter ya tashi.

Kada ka tada tarakta kana tsaye ƙasa gaban babbar taya. In giya na ciki, kai za ta fara takawa.

Ba a fafa gora ranar tafiya

Tun 2011 matatar mai ta Damagaram ke fidda gazuwal cikin ƙasarmu. Amma daga matata zuwa tankinka tafiya ce mai nisa, kuma a hanya dauɗa ke shiga. Saya inda ka yarda da shi. Bidon gazuwal ya zama na gazuwal kaɗai, mai marfi, ba wanda aka ɗebo ruwa ko esans da shi ba.

In ka kawo tano, aje shi inuwa, ka bari ya kwana guda ba a motsa shi ba, dauɗa da ruwa su kwanta. Ɗebo daga sama, ka bar na gindi. Zuba da mazurari mai rariya, ka share bakin tanki kafin ka buɗe.

Cika tanki da marece bayan aiki. Tanki cikakke ba ya tara raɓa da yawa. Kada kuma ka jira sai ya ƙare kafin ka ƙara.

Kowace safiya diba ƙoƙon gilashi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, sake filtir, ka diba tiyo duka. Ka gaya ma shugabannin ƙungiya su aje filtir guda sabo, da zobban jan ƙarfe, da guntun tiyo cikin akwatin tarakta. Ku kuma aje kaye, ka rubuta ranar da aka sake filtir da inda aka sayo gazuwal. Ga amfanin karatun da kake koyo: ranar da mota ta tsaya, rubutunka zai tuna maka abin da ka manta.

Tambayoyi

1. Faɗi zango shida na gazuwal, tun daga tanki.
2. Waɗanne ne maƙiya uku na moter dizal?
3. Mi ya sa ruwa ke kwantawa ƙasan kwalba?
4. Moter ya yi aiki kaɗan ya mutu, ya huta ya sake tashi. Ina za ka fara dibawa?
5. Ƙaƙa ake fidda iska? Faɗi matakan bi da bi.
6. Don mi ba a huda filtir in ya toshe?

Aiki

Ku tafi wurin tarakta ko injin niƙa na garinku tare da malami, moter a kashe. Ku bi tiyon gazuwal da yatsa tun daga tanki. Kowa ya zana hanyar cikin kayenshi, ya rubuta sunan kowane zango.